Damin da Nake Kai Wa Baba Ilu

Ranar Litinin ta biyu bayan babbar sallah, a shekarar da haƙorana na gaba suka faɗi, Baba ya riƙe hannuna ya kai ni firamaren Ɗinyawa. A gindin darbejiya aka ajiye tebur, hedimasta na zaune da ƙatuwar rajista, yana sa kowane yaro ya zagayo da hannu ta saman kai ya taɓo kunne. Na taɓo nawa da ƙyar. Ya tambayi sunana, Baba ya ce Bukar Modu. Ya ce saura sunan gari, don a makarantar nan kowa da sunan garinsu ake cike masa. Baba ya shiga murza hularsa, domin ba mu da garin da za mu kira namu. Sai Baba Ilu, mai masaukinmu da ya rako mu, ya dafa kaina ya ce, "Rubuta Ɗinyawa, Malam. Ɗanmu ne." Na ga Baba ya kau da kai yana goge ido da hannun riga. Tun daga ranar nake amsa Bukar Modu Ɗinyawa, kuma haka yake a duk wata takarda da na mallaka.

Baba mahaƙin rijiya ne, mutumin gabas, daga wani ƙauye na ƙasar Barno da ni kaina ban taɓa gani ba. Sana'ar kuwa ba ta barin mutum ya zauna, don ranar da ruwa ya ɓuɓɓugo, ranar aikinka ya ƙare. Kafin in yi wayo mun zauna a wajejen Gashuwa da Nguru, mun gangaro ƙauyukan Gumel, ko'ina wata biyu ko uku. Kayanmu gaba ɗaya jaki ɗaya ke ɗauka: tabarmi biyu, tukunyar Inna, diga da guga da igiyar Baba, sai wata kaza mai masifa a kwando. Ƙanwata Yagana a gari ɗaya aka haife ta, a wani garin aka yi arba'in ɗinta. Inna yarinya ce a lokacin, ba ta rasa abin dariya. Takan ce, "Mu Fulanin tashi ne, saniyar ce dai babu." Burinta a duniya bai wuce ta dasa zogale ta zauna har ta tsinki ganyensa ba.

Baba Ilu ne ya kira mu Ɗinyawa, wani ƙauye a bayan Ɗanbatta, bayan mahaƙa biyu sun ci karo da dutse sun tattara kayansu. Baba ya yi wata biyu yana dukan dutsen nan har tafukansa suka tsage. Ranar da ya fito da guga cike, mata suka yi ta guɗa, Baba Ilu kuma ya ja shi bayan rijiyar ya nuna masa wani fako da ko ciyawa ba ta son fitowa. Ina tsaye ina naɗe igiya na ji shi da kunnena: "Modu, ka ba mu ruwa, na ba ka ƙasa. Taka ce, kai da 'ya'yanka." Babu dagaci a wurin, babu liman. A ƙasar da gona ke jingine da gona, shingen lalle ne kawai tsakaninsu, ko fako aka ba baƙo an yi masa babbar kyauta.

Fakon nan shi ya cinye ƙuruciyata, kuma ban taɓa jin haushi ba. Da rani nake ɗora wa jaki mangala in bi gidaje ina kwasar toka da shara, Inna tana tara kashin awaki a bayan ɗaki kamar mai tara zinare. Baba ya fasa ƙasar da digar da ya fasa dutse. Shekarar farko geron ya fito a tsaitsaye kamar gashin tsoho, ta uku kuwa sai da na ɓace a cikinsa. Muka sa wake a tsakanin kunyoyi, gyaɗa a gefen gabas. Ni ke korar tsuntsaye da gwangwani, Yagana na bina tana cin ɗanyen wake ana yi mata faɗa. Da yamma mu yi langa a dandali da 'ya'yan gari, in an kayar da ni a ce Babarbare ya sha ƙasa, in tashi in rama. Zogalen Inna ya wuce katanga, har maƙwabta na aiko yara a tsinko musu.

Da kakar farko Baba ya zaɓi damin da ya fi kowanne girma, ya ɗora a jaki, ya ce in kai gidan Baba Ilu. "Wanda ya ba ka ƙasa, ka nuna masa abin da ta haifa," in ji shi. Na bi ta ƙofar masallaci inda dattawa ke zama, ina ƙobarewa don kowa ya gani. Baba Ilu ya karɓa, ya sa albarka, ya cika mini aljihu da ƙuli-ƙuli. Haka muka yi kaka bakwai. Abin da Baba bai sani ba, kuma kowa a Ɗinyawa ya sani, shi ne wanda aka yi wa kyautar gona goro yake kaiwa sau ɗaya, shi ke nan. Mai kai dami duk shekara ɗan aro ne, yana shaida wa gari cewa ƙasar tana da mai ita. Wata tsohuwa ta taɓa ce wa Inna a bakin rijiya, "Ashe aro aka ba ku?" Inna ta kawo maganar gida, Baba ya ce kada ta ƙara, zato zunubi ne.

A bazara ta takwas, mun gama jera tsibin taki muna jiran ruwan shuka, Baba Ilu ya shigo gonar da babban ɗansa da ya dawo daga birni zai yi aure. Ko gaisuwa bai ƙarasa ba ya ce bana zai karɓi gonarsa. Maganar ta kai zauren dagaci. Aka tambayi dattawan masallaci, suka ce su dai dami suke gani duk kaka. Dagaci ya dube ni ya ce, "Kai ne mai kaiwa?" Na ce ni ne. Na buɗe baki zan faɗi abin da na ji a bayan rijiya, aka ce yaro ba ya shaida wa ubansa. Baba ya juya ya ce, "Ilu, tsakaninka da Allah, ka ba ni ko ba ka ba ni ba?" Baba Ilu yana kallon tabarma ya ce, "In kyauta ce, damin na mene ne?"

Ba gonar ce ta fi ci mini rai ba har yau. Shekara bakwai mutumin nan yana karɓar damin daga hannuna, ya san ma'anarsa, ya san ba mu sani ba, kalma ɗaya ta isa ya ce Modu, bari, ba a yin haka. Ya yi shiru yana jiran fako ya zama gona. Na tsane shi, na kuma daɗe ina tsanar bakina da ya ce "ni ne". Bayan kwana tara muka ɗaure kaya. Inna ba ta yi maganar Fulani ba wannan karon, ta tsaya ta tsinke zogalenta tas ta ƙulle a zani. Muna fita gari hadari na haɗuwa a kan takinmu.

A gefen Ungogo muka ƙare, a ɗakin haya. Baba ya ci gaba da haƙa har injinan bohol suka kashe sana'ar, bai kuma ƙara riƙe fartanya ba har ya koma ga Allah. Bara na bi ta Ɗinyawa a motar haya. An rufe rijiyar da siminti, gonar tana nan kore shar, wani saurayi ya tambaye ni gidan wa nake nema. Duk da haka, in na ji ƙamshin ruwan farko a kan toka, can zuciyata take komawa, ba na iya hana ta.

Watan jiya na kai 'yata makaranta. Malamar ta ga katina, ta fara rubuta Ɗinyawa a bayan sunan yarinyar. Na ce ta goge, ta sa Modu. Ashe sunan ma aro aka ba ni, ni ne dai na daɗe ban mayar ba.