Turakun Jirgi a Gonar Babana

Jirgin ƙasa bai taɓa zuwa ƙauyenmu ba, amma ya cinye mini gona.

Mu mutanen tsakanin Kankiya da Kusada a tsakiya aka bar mu. Layin dogo ɗaya ya zo Kano ya zarce Nguru, ɗaya ya tashi daga Zariya ya bi ta Funtuwa har Ƙauran Namoda. Gyaɗarmu kuwa sai ta hau jaki, daga baya mota, kafin ta ga tasha. Babana yana saurayi ya raka jakuna Kano, ya ga jirgi yana haɗiye buhunan gyaɗa, tun daga ranar kuma bai warke ba. Kowace hira aka ɗauko, ko ta ciwon ido ce, sai ya kai ta tasha.

A shekarun da kuɗin mai suka fara ɗaga kan gwamnati, wasu ma'auna ƙasa suka zo da na'ura mai ƙafa uku, suka yi ta leƙe-leƙe, suka ratsa tsakiyar gonarmu suna kafa turakun siminti. Su ba su ce wa kowa uffan ba. Direbansu ne, yana shan furarmu, ya ce hanyar jirgi za a ja zuwa Katsina.

Inda suka kafa turakun nan ne fa ran gonar. Fulani sun daɗe suna yi mana zaman taki a wurin, kuma shi Baba ya yi mini alkawari a matsayin gayauna, don a lokacin ban daɗe da aure ba. Da damina ta faɗi na ɗauki garma, ya tare ni.

"Ina za ka?"

"Gayaunata, Baba."

"Wurin ga ba namu ba ne yanzu. Na jirgi ne. So kake su zo su iske dawa, su kai tashar Kusada?"

Na yi magiya, na turo ƙanensa ya yi magiya, ko gezau. Shekara ta bi shekara. Matata ta haihu, ta sake haihuwa, ina noma gefe da gefe, ƙasa mai kyau tana kwance a gabana tana fid da ciyawa. Mutane suka sa wa wurin suna Tasha, in na wuce a tambaye ni ko jirgin safe ya iso. Haushi kamar ya kashe ni, shi kuwa Baba daɗin sunan yake ji.

Makiyaya da ke gangarowa daga wajen Kunduru suka ga fili miƙe tsakanin shuka, suka fara bi da shanunsu zuwa mashaya. Ban ga laifinsu ba, ko ni ne haka zan yi. Na dai ce wa Baba ya yi magana tun da wuri. Ya ce a bar su, suna share wa gwamnati ciyawa.

Ya rasu yana jira. Da aka zo rabon gado, ni na nemi wannan yanki, 'yan'uwana suka bar mini ba musu. Ruwan farko na sa garma. Kafin azahar ardo ya iso, cikin ladabi ya ce burtali nake nomawa.

Muka je gaban mai gari. Na ce, "Ranka shi daɗe, gonar ubana ce, kowa ya sani."

Mai gari abokin Baba ne tun suna yara. Ya dube ni ya ce:

"Wurin da shanu suka saba bi, mai shi na gani bai hana ba, ya zama burtali. Kuma ɗana, duk wanda ke zaune nan ya ji mahaifinka da bakinshi, ba sau ɗaya ba, shina cewa wurin ba nashi ba ne. To mi za ka gada?"

Na duba dattawan ɗaya bayan ɗaya, ko wani zai ce ba haka ba ne. Babu wanda ya ce, kuma ni ma na ji Baba yana faɗa.