Azumin Mama da Saukar Kumbo

Duk lokacin da aka tambaye ni abin da ya fi tsaya mini a rai a zamana na Alƙahira, ba jarrabawa nake tunawa ba, ba kuma layin neman takardar zama ba. Wani yini ne na tsakiyar zafi da na yi tare da wata tsohuwa 'yar Indiya, kuma na san ba zan manta da shi ba har in koma ga Allah.

A lokacin ina karatun aikin jinya, ina zaune a unguwar Hayyin Ashir da wasu 'yan'uwa ɗalibai. Da hutu ya zo sai na samu aikin zama da wata tsohuwa a unguwar Ma'adi. 'Yarta na aiki a wani kamfani, ita kuma tsohuwar tana da ciwon suga da hawan jini, ba a barin ta ita kaɗai. 'Ya'yanta na kiran ta Amma, wato uwa a harshensu, sunan da ni kuwa ba na iya faɗa ban yi dariya ba, don haka na tsaya a Mama. Na je gidan da tunanin na san Indiya, tunda da finafinansu na tashi. Ranar farko na gaishe ta da 'yan kalmomin da na tsinta, sai ta yi murmushi ta ce su 'yan kudu ne, wannan ba yarensu ba ne. Da Turanci muka ci gaba.

A makonnin nan babu labarin da ake yi a waya irin na kumbon da Indiya ta aika duniyar wata. Ni dai wuce shi nake yi, har sai da 'yar ta gaya mini cewa ƙanenta na cikin injiniyoyin aikin. Ta ce 'yan shekaru baya sun yi irin wannan yunƙuri kumbon ya faɗi daf da sauka, ƙanen ya daina magana da kowa na tsawon lokaci, Mama kuma sai da aka kwantar da ita a asibiti.

Ranar saukar na iso na tarar 'yar tana shirin fita, akwai taron da ba ta isa ta ƙi zuwa ba. Ta ja ni kicin ta ce, "Tun jiya da yamma ba ta ci komai ba. Ta yi alwashi sai kumbon ya sauka. Na yi magana har na gaji, ko ke za ta ji taki."

Na samu Mama zaune a gaban 'yar kusurwar ibadarta, ta kunna fitilar mai, ta ajiye kwakwa guda a faranti. Na gwada suganta, ya yi ƙasa amma da sauƙi. Na kawo mata shayi ta ce in kai kicin. Muka kunna talabijin bayan azahar, ana nuna wani babban ɗaki cike da mutane a gaban kwamfutoci. Ta matso da kujera tana laluben fuskar ɗanta a cikinsu.

Ana cikin haka aka ɗauke wuta. A waccan shekarar kullum sai an ɗauke a Alƙahira, amma na manta da lissafin hakan. Talabijin ta mutu, intanet ɗin gida ya mutu, na'urar sanyaya ɗaki ta yi shiru. Muna can hawa na sama, lif ba ya aiki. Na buɗe data a wayata, hoton yana zuwa yana tsayawa. Na duba Mama na ga zufa na karyo mata, hannunta na rawa a kan gwiwa. Na sake gwada sugan, na ga ya yi ƙasa ƙwarai. Na kira 'yarta ba ta ɗaga ba. Na fara tunanin yadda za a sauke ta ta matakala idan ta suma.

Na dama suga a ruwa na durƙusa gabanta. Na ce, "Mama, a addininmu marar lafiya an ɗauke masa azumi. Na tabbata ku ma haka ne."

Ta ce, "Haka ne, 'yata. Amma wannan ba wanda ya ɗora mini. Ni na yi alƙawari."

Na miƙa mata kofin. Na ce, "To idan kika faɗi, wa zai gaya wa ɗanki? Ya fito daga ɗakin nan ya ɗauki waya, a ce masa kina asibiti?"

Ta juya wajen fitilarta ta faɗi wasu kalmomi a yarensu, ta karɓa ta shanye. Ban gama ajiyar zuciya ba hoton wayar ya tsaya cak. Lambobin da ke nuna tazarar kumbon da doron wata suna ta raguwa, sai suka daskare wuri ɗaya.

Mama ta juya ta kalli kofin da ta shanye. A nan na gane abin da na jawo. Idan kumbon nan ya faɗi, matar nan za ta ƙare rayuwarta tana ganin ita ta karya alwashi, ni ce kuma na sa ta. Na san ruwan suga ba shi da haɗi da abin da ke faruwa a sama, amma sanin bai kwantar mini da hankali ba. Na fita baranda na ɗaga wayar sama ina neman sabis, rana na dukana. Ni da ban taɓa taka Indiya ba, sai ga ni ina ta hasbunallahu ina roƙon Allah ya sauke ƙarfen nan lafiya. Daga ciki ina jin ta tana nata addu'o'in a hankali.

Da hoton ya dawo, mutanen ɗakin duk sun miƙe tsaye, wasu sun rufe fuska da hannu. Ban gane ko kuka suke ko murna ba. Sai sauti ya biyo, na ji tafi. Na koma da gudu na sa mata wayar a hannu na ce, "Ya sauka, Mama."

Ba ta yi ihu ba. Ta kalli wayar na ɗan lokaci, hawaye na zuba, sannan ta ce in fasa mata kwakwar nan don hannunta ba ƙarfi. Na ce wannan kam ibadarta ce, sai dai in riƙe mata hannu ta tashi. Ta yi dariya ta ce to shi ke nan. Bayan ta gama ta buɗe wani gwangwani na alawar madara, ta ɓallo ta sa mini a baki da hannunta, ta ce haka ake yi a wurinsu ranar farin ciki. Sai da ta ci shinkafa da madara mai tsami aka kawo wuta. Ɗan nata bai fito a hoto ko sau ɗaya ba. Da ya kira daf da magariba, abin da ta fara tambayarsa shi ne ko ya ci abinci.

Yanzu ina aiki a asibiti a gida, kuma har yau ina bin labaran kimiyya a waya. Sai dai na daina ganin su a matsayin labarin na'ura kawai. Duk abin da aka ce an ƙera ko an harba, akwai wasu a gida da suka kasa cin abinci saboda shi. Na kuma koyi cewa marar lafiya ba lambar da ke jikin na'urar gwaji ba ce kaɗai. Kafin in ce wa mutum ya bar abin da ya riƙe, nakan tsaya in tambayi abin da ya sa ya riƙe shi, domin bayan ya ji maganata, shi zai zauna da abin da ya biyo baya.