Gashin Anil da Dutsen Bapji

Ni ban tashi a gaban kakata ba. Tana Damagaram, ni kuwa a Lyon aka haife ni, a unguwar Vaulx-en-Velin, inda Baba ya samu gida a hawa na shida bayan ya gama karatu ya kama aiki. Muryarta kawai na sani ta waya, ita ma ba ta wuce "Lawali, kana cin tuwo kuwa?" sai layi ya yanke. Amma Allah bai bar ni haka ba, ya ba ni aron kaka a ƙofar da ke kallon tamu.

Dadima ake ce mata, wato kaka a harshensu. Asalinsu Indiya ne, mabiya wani addini da ake kira Jain, kuma jikanta Anil ajinmu ɗaya a lakwal, wato makarantar boko. Tsohuwa ce 'yar firit, kullum cikin farin zane, tana tafiya tana kallon ƙasa kamar wadda ta yar da allura. Sai daga baya na gane tururuwa take gudun takawa. Na sha ganin ta ta lallaɓa gizo-gizo ya hau takarda, ta kai shi bakin taga tana yi masa magana ƙasa-ƙasa. Ba sa cin nama, ba sa cin albasa ko dankali, duk abin da sai an tono shi daga ƙasa sun haƙura da shi. Ranar da Inna ta ji haka sai da ta riƙe baki.

"Miya ba albasa? Wannan ai azumi ne da ba ranar salla."

Kuma ba sa cin abinci bayan faɗuwar rana, don kada wani ɗan ƙwaro ya faɗa ciki ba a gani ba. To ga sanyin Lyon, inda rana ke faɗuwa tun kafin biyar ta yi. Muna dawowa daga lakwal za mu tarar har an fara kwashe kwanuka, sai doguwar yamma ta rage ba abin yi. A wannan yammar Dadima ke kashe wutar lantarki, ta kunna 'yar fitilar man shanu a kan wata kanta da ke kusurwar ɗaki, mu zauna a ƙasa kusa da ƙarfen ɗumama ɗaki. Ita ce wutar da na sani ta hira, harshenta bai fi tsawon yatsa ba.

A bayan fitilar akwai wani faifan azurfa kamar tafin hannu, an zana mutum a kan doki, ya ɗaga hannun dama a buɗe, babu komai a ciki. Kusa da shi wani ƙullin jan ƙyalle. Wannan mahayin shi ne Bapji, kakan kakanninsu, kuma bauta masa suke yi. Dadima takan haɗa tafukanta ta sunkuya, ta sa Anil ma ya yi. Inna ta riga ta ja mini kunne: "Ka ji labari, ka ci abin da aka ba ka, abincinsu da tsabta. Amma goshinka na Allah ne." Ban taɓa faɗa wa Dadima ba, ita ma ba ta taɓa neman in sunkuya ba. Da Faransancinta mai ɗingishi takan nuna mini gefe ta ce, "Kai zauna nan, ɗan Malam. Naka yana ganin ka."

Ba ta fara labari sai harshen fitilar ya tsaya cak. Sannan ta ce, "Tun ba a haifi wanda ya haifi wanda na sani ba." Daga nan ko numfashi da ƙarfi ba na yi.

Ta ce mutanensu a da mayaƙa ne, a wata ƙasar rairayi inda ruwa ya fi zinariya daraja. Bapji ya fi kowa iya takobi da baka. Wata rana a farauta ya harbi barewa, da ya matsa kusa sai ya ga tana da ciki, abin da ke cikin yana motsi, har ya daina. Yana tsaye sai ga wani bawan Allah na addininsu, ba takalmi, ya rufe bakinsa da farin ƙyalle, yana share hanya a gabansa da tattausar tsintsiya kafin ya taka. Bai yi faɗa ba. Ya dai ce, "Kai da ka iya haka, mayar mata da ranta mu gani." Bapji ya ce wannan ba ya hannun mutum. Bawan Allah ya ce, "Abin da ba ka iya mayarwa, me ya kai ka ɗauka?" Ya wuce yana shararsa.

A ranar Bapji ya haƙa rami a gindin wata bishiya kusa da rijiyar ƙauyensu, ya binne takobinsa. Ya koma auna hatsi a kasuwa. 'Yan'uwansa suka yi ta yi masa dariya, har suka aiko masa da zanen mata. Ya karɓa ya ce a gode musu, zai tace ruwan sha da shi.

Nan Anil kan yi hamma, don ya ji labarin ya fi sau ɗari, hankalinsa yana kan talabijin ɗin ɗaya ɗakin. Dadima ta ɗan ja kunnensa ba tare da ta dube shi ba, ta ci gaba.

Sai aka yi shekarar fari. Mahara suka zo da hantsi, mazan gari duk sun tafi neman ruwa, suka kora shanun ƙauyen gaba ɗaya. Hanyar fita ɗaya ce, wani matsatsi tsakanin duwatsu biyu, kuma sai an bi ta gindin bishiyar nan. Matar Bapji ta biyo shi da fartanya tana kuka: ga inda takobin yake, taku uku ne, ya tono. A nan Dadima takan dube mu ɗaya bayan ɗaya. Ni kuwa kowane dare sai zuciyata ta ce yau kam zai tono. Bai taɓa tonowa ba. Ya hau dokinsa ya tare matsatsin, ya ɗaga hannu a buɗe. Suka ce ya kauce, ya ce a'a. Suka ce to ya yi faɗa kamar namiji, ya ce wannan ma a'a. Suka sare shi.

"Sai shanun suka kwanta," in ji Dadima, murya can ƙasa. "Duka. Suka kewaye shi suka kwanta. Aka doke su, aka ja, aka sa musu wuta a wutsiya, ko ɗaya ba ta tashi ba. Mutanen da ba su taɓa tsoron takobi ba, ranar suka ji tsoron saniya a kwance."

Maharan suka watse suka bar shanun. Tsigar jikina takan tashi a nan, kuma har yau da nake rubuta wannan tana tashi. A wurin da ya faɗi aka kafa dutse, aka sassaƙa mahayi mai buɗaɗɗen hannu. Tun daga lokacin, duk ɗan da aka haifa a zuriyarsa ba a taɓa gashin kansa sai an kai shi gaban dutsen nan, a aske a ajiye a gindinsa, don Bapji ya san an ƙaru.

Ba ta rufe hira sai ta kama hannun ɗayanmu ta ƙirga hanya. Ƙaramin yatsa Lyon. Na kusa da shi tsibirin Madagaskar, inda aka kai ta aure. Na tsakiya Bombai. Manuni wani garin masu haƙar gishiri. Babban yatsa ƙauyen rijiya. Tana faɗin suna tana lanƙwasa yatsa, har hannu ya dunƙule, sannan ta buɗe shi a hankali ta ce, "Haka ya riƙe nasa. Ku tafi ku kwanta." Hannuna ta fi kamawa, don na Anil ya riga ya zame. Ta zama mini inuwar giginya ke nan, na nesa ka sha.

Sau ɗaya na tambaye ta abin da ke cikin jan ƙyallen. Ta faɗa mini. Ashe gashin Anil ne. An bar masa shi har ya shekara huɗu ana jiran a samu halin tafiya, yara suna ta kiran sa 'yar yarinya, sai rannan mahaifinsa ya fusata ya kai shi wurin mai aski a bakin tashar bas. Shi ɗan zamani ne, ya ce wannan duk zancen tsofaffi ne. Dadima ta bi su da ƙafa, ta durƙusa a shagon mutane ta tsince gashin nan daga ƙasa.

"Bapji bai san da shi ba tukuna," ta ce. "Zan kai. In ƙafata ta yarda."

Da na ba Inna labari sai ta ce mu dai kwana bakwai muke yi wanzami ya zo, amma ta san abin da ke cin tsohuwar nan. Washegari ta aika mata da alkaki. Ƙafar Dadima ba ta yarda ba. Ta rasu ina aji na biyu a sakandare, na yi kukan da ban yi ba ranar da aka ce kakata ta Damagaram ta rasu, abin da har yanzu nake jin kunyarsa.

Shekaru suka ja. Na koma Paris da aiki, na yi aure, muka rabu da Anil sai gaisuwar sabuwar shekara. Rannan ina Château Rouge, unguwar da 'yan Afirka ke cefane, ina zaɓen kuka da daddawa, sai ga wayarsa. Ya ce yana Bobigny yanzu, nan bayan garin Paris, don Allah in zo gidansa ranar Asabar.

Ɗansa ne ya buɗe mini ƙofa, ɗan shekara uku, gashi har kafaɗa. Ina gani na fahimta. A kan kanta ga faifan azurfa, ga jan ƙyalle ya koɗe ya zama ruwan ƙasa. Anil ya ce tun da aka haifi yaron ya kasa kai shi wurin mai aski, shi da ko haikali ba ya zuwa. Mahaifin Anil ya rasu. Takardun gidan duk Bombai suka nuna, ya je can bara, ya yi sati biyu yana tambaya, ba wanda ya san wani dutse. Ga shi lokacin kaka mai zuwa yaron zai shiga lakwal, matarsa ta ce ba za ta bari a yi wa ɗanta abin da aka yi wa ubansa ba.

"Labarin ina tune da shi," ya ce. "Barewa, shanu, duka. Sunan garin ne babu. Na ce ko kai..."

Gaskiya ni ma da ya tambaya kaina wayam yake. Shekara ashirin da wani abu ban furta sunayen nan ba. Na yi ta lalube, ba komai. Sai yaron ya zo ya jingina da gwiwata, na kama hannunsa ba da wani nufi ba. Na lanƙwasa ƙaramin yatsa na ce Lyon. Na biyu, Madagaskar. Na uku, Bombai. Ina taɓa manuni sai sunan garin gishiri ya fito da kansa, da irin karin muryar Dadima, babban yatsa kuma ya biyo da na ƙauyen rijiya. Ba zan rubuta shi a nan ba, na masu shi ne. Anil ya juya ya fuskanci taga.

Bayan wata huɗu ya turo mini hoto. Dutse ne da bai kai ƙugun mutum ba, an shafe shi da jan garura, iska ta cinye fuskar mahayin amma hannun yana nan a buɗe. A gindinsa gashi kashi biyu, sabo da tsoho. Ga yaron da ƙwalƙwal ɗin kai yana dariya. Anil ya ce tsohon da ke kula da wurin ya tambaye shi wa ya riƙe musu hanya duk shekarun nan, ya ce wani Musulmi ne maƙwabcinsu, ɗan Afirka. Tsohon ya ce a gaishe ni.

Ina yaro abin da ya kama ni a labarin nan shanun ne. Da na girma na ɗauka darasin yana wurin takobin, yadda mutum zai san taku uku ne tsakaninsa da abin da zai cece shi, ya ƙi tonowa saboda ya riga ya yi alkawari. Ban yarda Bapji abin bauta ba ne, goshina yana inda Inna ta ce, amma ina girmama mutumin da ya iya haka. Yanzu kuwa tsohuwar ce ta fi ba ni mamaki. Ta san ɗanta ba ya so, ta ga jikanta yana hamma, amma kowace yamma sai ta kunna fitila ta kama duk hannun da ta samu, ko na ɗan maƙwabta ne.

Na nuna wa 'yata Hadiza hoton, na ba ta labarin a taƙaice. Ta miƙo mini hannu ta ce in yi mata namu. Na lanƙwasa ƙaramin yatsa, Paris. Na biyu, Lyon. Na uku, Damagaram. Na tsaya riƙe da manuni, tana kallo na tana jira. Kayan aro dai ba ya rufe katara.

Na ɗauki waya na kira Gwaggo Hajiya, yayar Baba, wadda ita kaɗai ta rage a tsofaffin gidanmu. Muka gaisa, ta tambayi iyali da aiki da sanyi. Na ce, "Gwaggo, wai kafin Damagaram, mu daga ina muka taso?"

Ta yi gyaran murya.

"Lawali, sai yau? Shekara nawa ina riƙe da abin nan ba mai tambaya." Na ji tana gyara zama a kan tabarma. "Ɗiyar taka tana kusa? To kira ta, ku zamna. Da nisa."