Ranar da Baba Sa-ido Ya Hau Dutse

Shekara talatin ya yi yana gadin ƙofar wata masaƙa, yana lalube jakar kowa, har ta manaja. Shi ya sa ake kiransa Baba Sa-ido.

Bayan ya yi ritaya, wata Asabar da zafi ya kankama, mijin 'yarsa ya ce su hau dutse su sha iska. Baba ya bi shi, amma hankalinsa bai kwanta ba. Mutumin da ko haɗa ido da shi ba ya iyawa, yau shi ne da gayyata?

Hanyar ta ratsa cikin dogayen itatuwa. Baba ya ƙi shiga gaba. Ya lura surukin yana ta duba agogo, yana kuma satar kallonsa. Da suka kai inda tafki ya bayyana can ƙasa yana ƙyalli, Baba ya ja ya tsaya.

"To, ba mai jin mu a nan. Faɗi abin da ya kawo mu."

Surukin ya sunkuyar da kai. "Baba, likita ne ya ce ku riƙa tafiya saboda hawan jini. Mai ɗakina ta ce in an gaya muku ba za ku zo ba."

"Na sani! Tun daga gida na ga take-takenka."

Ya zauna kan kututture yana haki, ya daɗe yana kallon ruwan. Yanzu kowace Asabar shi ke fara ɗaura takalmi, sai dai har yau bai yarda likita ya faɗi haka ba. Yana zargin 'yarsa ce ta kitsa.