An Shuke Geron Ƙafar Habi

Ranar da ruwan shuka ya sauka a Sabon Birni, Malami ya shiga ɗakin matarsa Habi ba ta nan, ya ɗauko buhun geron da take ɗora wa ƙafafunta, ya farke ɗinkin, ya raba wa mutane iri. Bai tambaye ta ba, bai kuma aika a tambaye ta ba, alhali tana nan kasuwa, inda ko tari ta yi ana jiyowa daga ƙofar gida.

Duk wanda ya taɓa sayen kanwa ko gishiri a kasuwar garin ya san Habi. Mutuniyar Gangara ce, aure ya kawo ta, ta aurar da 'ya'yanta duka, ta zauna gaban tirenta tana ƙulla kanwar da fatake ke saukowa da ita daga Nijar. Tsagen Gobirci ne a kumatunta, bakinta kuma ba ya ajiye magana ta kwana. 'Yan dako in sun hango ta sukan rage murya.

Abu ɗaya ne ya fi ƙarfinta a duniya, shi ma a jikinta yake. Ƙafafunta ba sa son zama. Muddin tana tafiya, tana daka, tana ciniki a tsaye, lafiya lau. Da ta zauna ta huta, musamman in rana ta yi sanyi, sai ta ji kamar tururuwa sun buɗe kasuwa cikin ƙwaurinta, can kusa da ƙashi inda farce ba ya kai. Dole ta motsa, ta miƙe, ta naɗe, ta tashi ta zaga turmi. Da ciwo ne mai kumburi da an tausaya mata. Wannan kuwa dariya yake jawowa, ita ce ma kan fara.

"Ku dube ni hwa," takan ce wa matan kasuwa. "Ni da nike sa ƙatti su yi shiru, ƙahwata ba ta jin maganata. Kai ya tsuhwa, ƙahwa na neman dandali."

Babu abin da ba ta gwada ba. Ta sha rubutu, ta shaƙi hayaƙi har idonta ya yi ja, ta shafa man zafi har kaji na kauce mata. Wani mai kemis ya ba ta ƙwaya, ta sha, barci ya kwashe ta gaban tire da rana tsaka, ta farka ta tarar da akuya ta lashe mata kanwa tana kallonta. Ƙafar kuwa ko a barcin tana ta harbi. Tun daga ranar ta sallami ƙwaya.

Maganin a mota ta tsince shi. Wata rana za ta kasuwar Isa, motar ta cika har ba wurin ajiye tsinke, direba ya ɗauko rabin buhun geron wani ya dire mata a kan ƙwauri. Habi ta fara zazzaga masa tun daga tasha, ta taɓo shi, ta taɓo motar, ta taɓo wanda ya koya masa tuƙi. Ana fita gari sai aka ji tsit. Fasinjoji suka juyo a tsorace, sun ɗauka suma ta yi. Ashe barci ne, har da minshari. Tururuwan sun watse. Sai a Isa aka tashe ta, ta sauko tana sa wa direban albarka, shi kuwa ya ja da baya yana tsammanin sabon salon zagi ne.

Da ta dawo gida ta shiga gwaji. Yashi ya yi tauri, ga zuba. Dawa ta riƙa zamewa gefe. Dutsen niƙa ya kusa aika ta wurin mai ɗori. Gero ne kaɗai ke bin ƙafa ya rungume ta, da nauyi da sanyi. Ta ɗinka masa buhu da tsohon zane ninki biyu. Kowace kaka takan juye tsohon a tukunya, ta zaɓi manyan zangarniya, ta sussuke, ta sheƙe har ba ƙaiƙayi, ta zuba sabo. Tana shanya shi a rana, tana cusa masa busasshen ganyen dogon yaro kada ƙwari su shiga. Malami ne da kansa ya raɗa wa buhun suna Auta, wai ko 'ya'yan da ta haifa ba su ga wannan gata ba. Saboda haka kada wani ya ce mutumin nan bai san amfanin buhun ba.

Gatan ne kuwa ya jawo. A duk unguwar babu hatsin da ya kai na Auta kyau.

Maƙwabcinsu Yari daga Gatawa ya taso da iyalinsa, ya baro rumbunsa can saboda rashin kwanciyar hankali. An ara masa 'yar gona a bakin gari, amma ba shi da iri. Ruwan shuka ba ya jiran kowa, kuma a ƙasar nan ba a hana maƙwabci iri ranar da ƙasa ta jiƙa. Yari ya yi sallama da ƙwarya a hannu. Malami, wanda Allah ya yi wa kyauta da kayan mutane, ya ce, "Muna da wanda ya hi na kowa." Wasu ma suka ji labari suka zo da nasu ƙoren.

Habi ta dawo da la'asar ta tarar da zanen a shanye kan igiya, an ma kakkaɓe shi.

"Malam, ina Auta?"

"Shina gona."

"Gona? Da ƙahwa ya tahi?"

"Haba Habi. Hatsi don ƙasa anka yi shi. Bayin Allah sunka zo, mi za ni ce musu? In ce iri na nan amma shina jinya?"

"Ka ce mai shi na kasuwa! Da kun tambaye ni, da rabi za ni ba su da hannuna, lada ta zan tawa. Yanzu kai ka kwashe lada, ni ka bar ni da tururuwa."

Malami ya ce ta ɗebi wani a rumbu. Ta leƙa, abin da ya rage na tuwo ne, da ƙyar zai kai su kaka. Wace mai hankali za ta kwashi abincin gida ta kwanta da shi? Saye kuwa ta rantse ba za ta yi ba, wanda ya zubar shi ke kwashewa.

Abin ya kai maƙura a Unguwar Lalle, wurin zaman makokin wata dattijuwa. Mata sun cika tsakar gida, kowa ya sunkuyar da kai ana jan carbi, sai ƙafafun Habi suka ce ga mu nan. Ta danne da hannu, suka ƙi. Ta naɗe, suka warware. Dugaduganta suka shiga bugun tabarma kamar ana kiɗan ƙwarya, har 'yar marigayiyar ta ɗago kai. Habi ta taɓa ƙawarta Mairama mai tuwo-tuwo, wadda Allah ya hore wa jiki.

"Taso ki zauna min nan."

"Ina?"

"Bisa ƙwauri. Yi maza, kahin a ce na zo rawa gidan mutuwa."

Mairama ta gyara zane ta zauna. Haka aka shafa fatiha, babbar mace guda a kan ƙafar wata, masu gaisuwa na wucewa suna satar kallo. Wata tsohuwa ta raɗa cewa ai riƙe ta aka yi kada baƙin ciki ya sa ta faɗi. Habi ta ce a ranta, marigayiyar da ko sunanta sai yau na ji.

A hanyar dawowa ta biya ta gonar Yari, da niyyar ta ƙara wa fushinta wuta. Sai ta ga geron ya tsiro layi-layi, kore shar, ba ramin da ya ƙi. Matar Yari na tsugune tana cire ciyawa, ta taso da gudu tana godiya har da ƙwalla. Zagin da Habi ta ƙunso ya rasa inda zai sauka. Ta dai ce, "Ai dole shi tsiro. Wane iri ne ya taɓa samun reno irin na wanga?"

Da yamma za ta aika a kira Yari, sai ta tarar da shi da Malami a ƙofar zaure suna jin rediyo. Ta shimfiɗa tabarma daga ciki, ta miƙe ƙafafunta da tuni sun fara aikinsu.

"Ku saurara, ba ni maimaitawa. Na yahe iri, ban yahe kwanana ba. In Allah ya kai mu kaka, duk wanda ya shuka Auta, damin hwarko nawa ne. A sussuke, a sheƙe, in na ji ƙaiƙayi ko ɗaya a koma. Yari, kai za ka bi su gida-gida ka hwaɗa musu. Kahin nan kuma, wanda ya ɗauke nauyi shi za ya maye gurbinsa. Kai Yari, addini ya cece ka, ba ka zama bisa ƙahwar matar wani, tashi ka tahi."

Yari ya tashi yana danne dariya da hula. Malami, siriri kamar karan dawa, ya fara laluben takalmi.

"Ina za ka, Malam? Aje rediyon ga, shigo ka zamna. Nan bisa ƙwauri, ba bisa gwiwa ba. Kullum in anka sallame la'asar, har ranar da anka yanke hatsi. Kuma na san ba ka kai nauyin Auta ba, don haka ɗauko tabarya ka rungume."