Hannun Uwaisu Ya Riga Shi

Uwaisu mutumin wani ƙauye ne a ƙasar Ringim. Ya zo Kano lokacin da ake ta gina masana'antu a Sharaɗa, ya samu aiki a wani kamfanin jimar fatu. Waɗanda suka san shi sun yi mamaki, domin mutum ne mai ƙyanƙyami. Ba ya sa hannu a kwano ɗaya da mai mura, in ƙuda ya faɗa masa a koko kuwa, kokon ya tashi aiki. Amma shi ne kullum yake tsaye a bakin rami, yana jan ƙiraga da ƙugiya daga ruwan maganin da ke zubar musu da gashi. Ruwan toka-toka ne mai yauƙi, kitse da gashi suna yawo a samansa, ɗoyinsa har bakin titi. In an tashi, sai Uwaisu ya yi wanka a famfon kamfani, ya sake yin wani a gidansa na Ɗorayi kafin ya yarda matarsa Amina ta miƙo masa abinci.

Abin da ya fi ramin ba shi ƙyama shi ne helmansu, wato mai kula da leburori, Labaran. Labaran zai ci ƙosai tare da ku, ya yi dariya da ku, da la'asar kuma ya shige ofis ya zayyana wa manaja duk abin da kuka faɗa. Da wasu ma'aikata suka yi ƙorafi cewa ruwan yana cinye musu ƙafa, a ba su takalman roba, shi ya kai sunayensu aka kore su. Tun ranar Uwaisu ya daina gaishe shi. Ya ma taɓa faɗa a gaban jama'a cewa ko a rami ya ga Labaran, ba zai miƙa masa ƙugiya ba.

Wata safiya da damina, daɓen wurin ya yi santsi. Labaran ya zo wucewa yana yi wa wani tsawa, ƙafarsa ta zame, ya afka ramin har kansa ya nutse. Uwaisu bai san lokacin da ya yar da ƙugiya ba. Sai dai ya ga kansa kwance rub da ciki, hannunsa cikin ruwan har kafaɗa, ya damƙi wuyan rigar mutumin. Da aka taya shi suka fito da shi, Labaran ya ƙanƙame shi yana kuka, ya kelaya masa amai a wuya.

Ruwan ya sale wa Uwaisu fatar hannu. Da ya dawo daga asibiti, manaja ya tara ma'aikata ya yi jawabi da Turanci, yana dafa kafaɗarsa. Bulus, wani mai kula da inji ɗan Kagoro, shi ya fassara. Bayan an watse, Uwaisu ya ja shi gefe.

"Akwai wata kalma da ya yi ta maimaitawa yana nuna hannuna. Me take nufi?"

Bulus ya ce, "Instinctively yake cewa. Wato jikinka ne ya yi aikin tun kanka bai yi shawara ba. Kamar yadda ido ke ƙiftawa in abu ya nufo shi."

"To ya faɗi gaskiya," in ji Uwaisu. "Ni ba a shawarce ni ba."

"Da an shawarce ka fa, da ka bar shi ya mutu?"

Uwaisu ya kalli bandejin hannunsa, sannan ya ce, "Ban sani ba, Bulus."

Daga nan Labaran ya manne masa. Ya koma kiransa ɗan'uwana. Ya riƙa zuwa Ɗorayi a kan kekensa da ƙunshin tsire, ya baje a tabarma yana ci yana sakace haƙori, yana ba maƙwabta labarin ramin. Da matarsa ta haihu, ya sa wa jaririn Uwaisu. Halin Labaran kuwa bai sake ba. Kafin shekara ta zagayo, ya kai ƙarar Bulus cewa yana zuga mutane su shiga ƙungiyar ƙwadago, aka sallame shi. A makon kuma Labaran ya sa aka mai da Uwaisu ɗakin shanya fatu, inda babu ruwa babu ɗoyi.

Ma'aikata suka haɗa wannan da wancan. In Uwaisu ya doso wurin mai shayi, sai hira ta mutu. Wani dattijo a cikinsu ya ce masa, "Kai da ka ce ko ƙugiya ba za ka miƙa ba, ashe hannu za ka miƙa." Uwaisu ya juya ya tafi. Ya gama watan, ya ajiye aikin, ya kwashe iyalinsa zuwa Panshekara ya kama wanki da guga.

Sana'ar ta karɓe shi, don kayan da ya wanke ba a mayar masa da su. Labaran bai rabu da shi ba, duk sallah sai ya zo. Uwaisu yakan amsa gaisuwa kansa na kan dutsen guga, shi kuwa Labaran ya ce wa mutane ai ɗan'uwansa haka yake, ba shi da yawan magana.

Ana cikin shekarun tsadar kaya, kamfanoni suna ta rage ma'aikata, ciwon ƙirji ya kwantar da Labaran, bai tashi ba. Da hantsi ƙaninsa ya zo har shago ya ce marigayin ya bar wasiyya, kada kowa ya yi masa wanka sai amininsa Uwaisu.

Amina ta ce, "Malam, kana iya cewa ba ka da lafiya."

Ya ce, "Lafiyata ƙalau."

Ya je. Ya naɗe hannun riga, ya wanke gawar kamar yadda addini ya ce, dama kafin hagu, bai tsallake ko'ina ba. Ya bi ta har maƙabarta. Mutane suna ta yi masa ta'aziyya, suna cewa irin wannan amana ta yi wuya yanzu, yana amsawa da amin. Da ya koma gida Amina ta kawo tuwo, ya ce ta rufe ta ajiye, sai gobe.