Baba Tafinta, Wanda Ya Sa Aka Auna Ruwan Ɗakin Inna

Da safiyar Talata, tara ga watan nan, na zo buɗe shagona na walda sai na ga ba a fito da teburinka ba. Shekara shida kullum a nan nake samunka, tabarau a kan hanci, ƙamus a hannun dama. Ranar kuwa babu komai sai sawun ƙafafun teburin guda huɗu a ƙasa. Ban gama cire kwaɗo ba 'yarka ta fari, malamar asibiti, ta ƙetaro titi ta ce mini, "Baba ya cika bayan asuba." Daga Allah muke, kuma ga shi ka riga mu komawa gare Shi, Baba Tafinta.

Ni ba gwanin rubutu ba ne, a aji huɗu na firamare na tsaya. Amma akwai abin da na gani da idona, in ban faɗa ba na ci amanarka.

Shekara talatin ka yi kana tafinta a asibiti, tsakanin likitoci baƙi da marasa lafiya. Da ka yi ritaya sai ka kafa tebur a layinmu, kana cika wa mutane fom, kana rubuta musu wasiƙar Turanci. Ƙarar injina ta sha katse maka tunani, ba ka taɓa ɗaure mini fuska ba. Iyakarta ka ɗaga biro ka jira in gama.

Damina uku da suka wuce magudanar bayan layinmu ta toshe, ruwa ya shiga gidaje. Ɗakin innata ya fi kowane kwari. Katifa ta lalace, keken ɗinkinta ya yi tsatsa, bango ɗaya ya tsage har kana hango waje. Bayan kwana biyar aka ce za a turo jami'i ya rubuta waɗanda za a ba siminti da kwanon rufi. Wanda bai shiga takarda ranar ba, shi ke nan. Mu kuwa ba mu da halin tayar da bango, ga wani hadarin yana haɗowa.

Da Inna ta ji baƙo zai zo, sai ta wanke daɓe tas, ta aro tabarma, ta rataya sabon zane a kan tsagar bangon don kada a ga asirin gida. Jami'in ba ya jin Hausa. Ya shigo ya ga ɗaki fes, ya tambayi yadda ruwa ya yi mana. Inna ta ce, "Alhamdu lillahi, da sauƙi. Wasu sun fi mu shan wuya." Ni kuma da guntun Turancina na yi caraf na ce masa kaɗan ne, ina jin na yi gwaninta. Ya sa alama a layin farko, na waɗanda ba sa bukatar komai, ya juya zai fita.

A bakin ƙofa kuka yi kiciɓis, kana dogara sanda, wandonka naɗe zuwa gwiwa. Ka leƙa takardar, ka dubi Inna ka ce, "Uwar mai walda, godiyarki ta isa inda kika aika ta. Amma wannan bawan Allah ruwa aka turo shi ya duba." Sai ka juyo gare ni: "Ɗana, ina tef ɗinka?"

Da hannunka ka ɗage zanen. Ga tsaga, ga layin laka ya zagaye ɗakin. Na auna, ƙafa huɗu da inci biyu. Inna ta rufe fuska da mayafi don kunya. Ka buɗe ƙamus ɗin nan naka da ruwa ya kumbura, kana bin layi da yatsa, kana yi mana bayani: a Turanci akwai kalmar ruwan da ya jiƙa ƙasa kawai, akwai ta wanda ya mamaye wuri, akwai ta wanda ya shanye abu gaba ɗaya, akwai kuma ta mutumin da abu ya fi ƙarfinsa ya rasa yadda zai yi. Ka ce tun a asibiti ka koyi kada ka zaɓi ɗaya sai ka gani da ido, domin mutanenmu ko a bakin mutuwa "da sauƙi" suke cewa. Ka ba jami'in kalma biyu, ɗaya ta ɗakin, ɗaya ta mai ɗakin. Ya soke abin da ya rubuta, ya mayar da mu layin ƙarshe, na waɗanda ruwa ya fi yi wa ɓarna.

Mai askin layinmu na tsaye a taga, ya ce, "Baba, ni ma a sa mini irin ta Inna."

Ka ce, "Kai da ruwa ya wanke wa silifa kyauta? Taka kalmar ko ƙamus ba sai na buɗe ba."

Har jami'in sai da ya yi dariya, bai san me aka ce ba. Haka ka bi layin gida-gida, ni da tef, kai da ƙamus. Da aka zo naka ɗakin na so in ɗan ja tef ɗin sama, ka buge mini hannu. Iya gwiwa ne, iya gwiwa aka rubuta. A cikin ɗakin da aka gyara Inna take kwana har yau.

Ana saura kwana huɗu ka rasu na je duba ka da la'asar. Na ce, "Baba, ya jiki?" Ka ce, "Da sauƙi, alhamdu lillahi." Na ce, "In ɗauko tef?" Ka yi dariya har tari ya sarƙe ka. Da ya lafa ka kama hannuna ka ce, "Bar shi a aljihu, ɗana. Wannan karon ya kai rufi." Yanzu kuma babu kai a tebur balle in tambaye ka sunan abin da ya danne mini ƙirji.

Allah Ya jiƙan ka, Ya haskaka makwancinka, Ya auna maka da mudun rahama, ba da irin awon da na so in yi maka ba. Ina yi wa Mama uwargidanka ta'aziyya, da malamar asibiti da ƙannenta uku, da jikokinka. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya ba layinmu haƙuri.

Abin da na faɗa na safiyar awon nan ba ni kaɗai na gani ba. Mai aski na nan, ya ce a rubuta har da maganar silifa. Mai kantin kan kwanar layinmu na nan, shi ya riƙe mini bakin tef. Inna ma na nan. Jiya da aka zo mata gaisuwarka aka ce ya haƙuri, ta buɗe baki za ta ce da sauƙi, sai ta fasa, ta fashe da kuka.